Dillalin da Bai Taɓa Kaya Ba

Izzar So, shirin nan mai dogon zango da Lawan Ahmad ya fara saki a 2020 a tasharsa ta YouTube mai ɗauke da sunan Bakori, maƙwabciyar Funtua, yana cikin shirye-shiryen da suka koya wa Hausawa wata sabuwar ɗabi'a, wato zaman jiran wani ɗan gajeren layin rubutu mai launin shuɗi ya faɗo cikin waya. Shi ne mahaɗi, wanda aka fi sani da linki. Da an latsa shi, sai fim ya buɗe. A zaurukan WhatsApp na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwar hatsi, tun daga Funtua har Malumfashi, irin wannan layi yana yawo dare da rana, kuma iri biyu ne, ko da yake ido ba ya saurin bambance su. Na farko yana kai mutum tashar mai fim, inda kowane kallo ke ƙara masa wani abu, domin YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyonsa. Na biyu yana kai mutum wata tashar Telegram ko wani shafi da aka kwafe aikin aka ajiye, inda kuɗin talla ke shiga aljihun wanda bai san nawa aka biya mai ɗaukar hoto ba.

Wanda ya saka mahaɗi na biyu yana da amsarsa a shirye duk ranar da aka tuhume shi. Shi dai bai kwafi komai ba, bai ɗora komai ba, hanya kawai ya nuna. Ta fuskar aikin na'ura kuwa, bai yi ƙarya ba. Mahaɗi adireshi ne, tamkar a ce wa baƙo ya miƙe titin Zariya, in ya wuce gidan mai na biyu ya karya dama. Fim ɗin yana can a rumbun wata kwamfuta, wataƙila ma a wata nahiya, kuma yana iya yiwuwa bai taɓa sauka a wayar mai mahaɗin ba. Wannan ne ya raba shi da yaron da ke zaune a rumfar cajin waya yana tura fina-finai cikin memori a kan 'yan nairori, wanda kowane turi nasa sabon kwafi ne, ya kuma raba shi da wanda ya jefa fayil ɗin littafi sukutum cikin zaure. Waɗannan biyun, doka ta daɗe da sanin sunan abin da suke yi. Mai mahaɗi ne ya zo da tambayar da kotunan duniya ke fama da ita tun 1996, lokacin da wasu jaridu biyu na tsibirin Shetland a Sikotland suka gurfana a kanta: mutumin da hannunsa bai taɓa kayan sata ba, amma ya raka masu so har bakin ƙofa, yana da alhaki ko ba shi da shi?

Yana da shi a wani hali, ba shi da shi a wani, kuma abin da ke raba halayen biyu abu ne da kasuwannin kudancin Katsina suka sani tun kafin a haifi intanet. A kasuwar hatsi ta Dandume, ko a karar Sheme, dillali ba shi da buhu ko ɗaya, ba shi da sa ko ɗaya. Jarinsa sanin mai kaya da mai nema, ribarsa la'ada. Amma ranar da ta bayyana cewa san da aka sayar na sata ne, ba wanda zai tafi neman yaron da ya nuna wa mai saye hanyar kara. Dillali za a fara riƙewa, kuma ba zai kuɓuta da cewa igiyar ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Dalili a fili yake. Wanda ya mayar da haɗa mai kaya da mai saye sana'a, yana ci daga ciki, ya ɗauki lamunin sanin asalin abin da yake haɗawa. Yaron da ya nuna hanya cikin rashin sani ba ruwansa. To, amma da a ce an gaya masa tun da safe cewa san nan na sata ne, ya kuma ci gaba da jan masu saye zuwa wurinsa, da shi ma ya fita daga sahun marasa laifi, ko da bai karɓi ko sisi ba. Yankin da ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba ya buƙatar doguwar lacca kafin ya yarda cewa nuni ma aiki ne. Nauyin laifuffukan biyu ba ɗaya ba ne, ko kusa, amma duka biyun sun rushe hujjar cewa wanda bai taɓa ba bai yi ba.

Ma'auni biyu ke nan kasuwa ta ajiye, sani da cin moriya. Abin sha'awa shi ne, bayan shekaru ana kai-komo, manyan kotunan Turai da Ostireliya kusan nan suka sauka.

A ranar 13 ga Fabrairu 2014, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wasu 'yan jarida na Suwidin, cikinsu har da Nils Svensson, suka kai kamfanin Retriever, wanda ke tara mahaɗai zuwa labaransu da jaridar Göteborgs-Posten ta riga ta baje kyauta a shafinta. Kotu ta ce babu keta haƙƙi. Wanda ya baje aikinsa a fili ga duk mai intanet ya riga ya yi lissafin kowa a cikin masu karatunsa, saboda haka mahaɗi bai ƙaro wasu baƙin idanu ba. Sai dai kotun ta ajiye wani sharaɗi mai muhimmanci: idan mahaɗin ya tsallake shingen da mai aiki ya kafa, alal misali ya buɗe wa kowa abin da aka keɓe wa masu biya, to hukunci ya sauya.

Shekara biyu bayan haka, a ranar 8 ga Satumba 2016, kotun ta fuskanci ɗaya fuskar al'amarin. Shafin GeenStijl na ƙasar Holan, mallakar kamfanin GS Media, ya saka mahaɗi zuwa wasu hotuna da wata mujalla ta sa aka ɗauka ba ta kai ga bugawa ba, waɗanda wani ya fitar ba da izini ba ya ajiye a wani rumbun intanet na Ostireliya. Kamfanin Sanoma, mai buga mujallar, ya nemi a cire. Shafin ya ƙi, da aka goge hotunan daga rumbun farko ma sai ya nemo inda aka sake ajiye su ya nuna. Kotu ta ce mai mahaɗi yana da alhaki idan ya san abin da yake nunawa an ɗora shi ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma ya kamata a ce ya sani, musamman in mai haƙƙi ya sanar da shi. Ta ƙara da wani abu da har yau masana ke jayayya a kansa, cewa duk wanda ya saka mahaɗi domin neman riba za a ɗauka ya sani, sai in ya kawo hujjar da ta kore wannan zato. Tun kafin nan, a Disamba 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Ostireliya ta tabbatar da hukunci a kan Stephen Cooper, mai shafin mp3s4free. Shafin nasa bai ajiye waƙa ko ɗaya ba, tsararren jerin mahaɗai ne kurum zuwa waƙoƙin da aka ɗora a wasu wurare, yana samun kuɗi daga talla. Kotu ta ce gina irin wannan rumfa daidai yake da ba da izinin satar. Amurka ce ta fi karkata ga tambayar inda kayan suke ajiye, tun hukuncin Perfect 10 na 2007, amma ko a can an bar ƙofar kama mutum da laifin taimakawa a buɗe, kuma a 2018 wata alƙaliya a New York ta ƙi bin wancan ma'auni a shari'ar wani hoto da kafafen labarai suka manna a shafukansu daga Twitter.

Najeriya ta shigo wannan fage a makare, amma ta shigo. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 17 ga Maris 2023, ta maye gurbin dokar soja ta 1988 da aka rubuta a zamanin kaset. Sabuwar dokar ta fayyace cewa baje aiki a intanet, ta yadda kowa zai same shi a inda ya so a lokacin da ya so, haƙƙi ne na mai aikin shi kaɗai, kuma wanda ya yi haka don kasuwanci ba da izini ba yana iya fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Ta ware sashe na 54 zuwa na 62 ga abubuwan da ke intanet: yadda mai haƙƙi zai aika takardar neman a cire, yadda za a cire, yadda za a dakatar da wanda ya mayar da keta haƙƙi ɗabi'a, da kuma diyyar da ke kan wanda ya aika ƙorafin ƙarya da gangan. Sashe na 59 ne ya ambaci mahaɗi da sunansa, kuma tsarinsa ya yi kama sosai da na dokar Amurka ta 1998. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne, mai samar da hidimar intanet ba zai biya diyya don ya nuna hanya zuwa kayan sata ba, muddin bai sani ba, babu alamun da ya kamata su farkar da shi, ba ya cin moriyar satar kai-tsaye alhali yana da ikon hanawa, kuma da zarar an sanar da shi ya yi hanzarin cirewa.

Mai karatu zai lura cewa ma'aunan kasuwa ne suka sake dawowa, sani da cin moriya. Zai kuma lura da giɓin da aka bari. Sashen garkuwa ne, yana faɗin lokacin da mutum zai tsira, bai tsaya ya faɗi lokacin da mahaɗi shi kansa ya zama keta haƙƙi ba. Sannan harshensa na masu samar da hidima ne, wato injinan bincike da masu rumbunan ajiya da makamantansu. Malamin makaranta a Malumfashi da ke shugabantar zauren tsofaffin ɗalibai mai mutum 300, ko matashi a Kafur da ya buɗe tashar Telegram, ba su ne aka zana wa rigar ba. Alƙalin da irin wannan ƙara ta zo gabansa dole ya bi ta wasu sassan, kamar wanda ya ce keta haƙƙi ya haɗa da sa wani ya aikata, da wanda ya hukunta mai taimakawa wajen aikata laifi. Akwai ma wani tsohon tanadi da ya yi hannun riga da tunanin cewa sai wanda ya taɓa kaya ake kamawa: mai wurin nishaɗi da ya bari aka nuna aikin wani ba da izini ba yana da alhaki, sai fa in bai sani ba kuma ba shi da dalilin zargi. Masu gidajen kallo sun daɗe a ƙarƙashin wannan ƙa'ida, ko sun sani ko ba su sani ba.

Tun da aikin cike giɓin ya rataya a wuyan alƙalai, ya dace a faɗi abin da ya kamata su ɗauka daga waje da abin da ya kamata su bari. Hukuncin Svensson a ɗauke shi duka. Mahaɗi zuwa tashar mai aiki alheri ne gare shi, talla ce da bai biya ba, kuma duk dokar da za ta sa mutum ya ji tsoron tura mahaɗin Bakori TV ko na Saira Movies ko na Arewa24 ta cuci waɗanda aka yi ta dominsu. Hukuncin Cooper ma a ɗauke shi duka. Na GS Media kuwa, rabinsa ya isa.

Rabin da ya kamata a bari shi ne zaton nan cewa duk mai neman riba ya sani. An gina shi a kan ƙasashen da kusan kowane hoto da kowace waƙa ke da kamfani a bayanta, mai ofis da lauya da lambar waya, ta yadda bincike abu ne na 'yan mintoci. A ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda Funtua ta kasance mazauninsa shekaru masu yawa, a ga yadda wannan zato zai yi aiki a ƙasar Hausa. Shata ya rasu a 1999. Bisa doka, haƙƙin waƙa, baitukanta da karinta, yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Naɗin murya kuwa haƙƙinsa daban ne, shekara 50 ne, kuma sau da yawa ba na mawaƙin ba ne, na wanda ya ɗauki nauyin naɗin ne. Saboda haka faifan da ya fito a 1970 kariyarsa ta ƙare a ƙarshen 2020, alhali waƙar da ke cikinsa tana da sauran kusan rabin ƙarni. Waƙoƙin nan kuma sun warwatsu a faya-fayan garmaho, da kaset-kaset na 'yan kasuwa, da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, da naɗin da masu biki suka yi da rikodarsu. Tattara tarihin mutumin kaɗai sai da ya ci wa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa shekaru kafin littafinsu ya fito a 2006. Rajistar haƙƙin mallaka a Najeriya ba dole ba ce, don haka babu wani kundi guda da mutum zai buɗe ya ga wane ne ke da me. Ɗan jaridar da ke da ƙaramin shafin labarai na Hausa, mai 'yar talla a gefe da ba ta isa kuɗin data ba, in ya rubuta sharhi a kan wata waƙar Shata ya saka mahaɗi zuwa inda ya same ta a YouTube, ta ina zai tabbatar cewa mai tashar ya nemi izinin magada? In aka ce ribar nan tasa ta mayar da shi masani, to shawarar da kowane lauya mai hankali zai ba shi ita ce kada ya ƙara saka mahaɗi. Magadan Shata ba za su sami ko kwabo daga wannan ba, nazarin waƙar Hausa ne kawai zai yi asara.

Inda zaton ya dace ya tsaya daram shi ne a kan wanda jera mahaɗan shi ne sana'ar tasa. Tashar da ke fitar da sabon fim a daren da mai shi ya sake shi, shafin da ya jera ɗaruruwan littattafai yana tallar cewa kammalallu ne kyauta, mai gajarta mahaɗi ta hanyar da ake biyansa a kan kowace latsawa, mai cika tasharsa da tallar caca yana jan mutane da kayan wasu, duk waɗannan dillalai ne masu rumfa a kara. Ba sai an kawo musu takarda ba kafin a ce sun sani, domin yanayin kayan ya isa shaida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Waɗanda wannan rumfa ta fi yi wa illa ba 'yan fim ba ne ma, duk da cewa su aka fi jin kukansu tun da kasuwar faifai ta durƙushe. Marubutan littattafan intanet ne, waɗanda akasarinsu mata ne. A shekarun 1990, lokacin da Farfesa Ibrahim Malumfashi da takwarorinsa ke muhawara a jaridu a kan adabin kasuwar Kano, abin da ke rage wa marubuci ciniki shi ne mai ba da hayar littafi, wanda ko ba komai sai ya sayi kwafi, kuma kwafin yana tsufa ya yage. Yau marubuciya tana zaune a ɗakinta a Bakori ko Ɗanja, tana buga labari a waya shafi-shafi, ta saki na farko-farko kyauta, sauran ta buɗe zaure na musamman ga wanda ya biya 'yan ɗaruruwan nairori ta banki ko da katin waya. Shingenta ke nan, ba ta da wani. Mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka biya ya isa ya rushe shi: ya tattara shafukan, ya ajiye a wani rumbu, ya saki mahaɗi. Kafin wayewar gari littafin ya zaga zauruka, wani ya ɗora a shafinsa, wani ya karanta shi da murya ya saka a YouTube. Wannan shi ne ainihin tsallake shingen da kotun Turai ta keɓe a 2014, kuma a nan ba a ma buƙatar dogon bincike a kan sani, tun da kusan kowane shafi na irin waɗannan littattafai yana ɗauke da gargaɗin cewa na kuɗi ne, sau da yawa har da Allah ya isa. Yawan Allah ya isan nan a saman shafuka shaida ce ta mutanen da suka fitar da rai daga kotu tun kafin su san inda take.

Ba su kuma yi kuskuren lissafi ba. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe shari'ar haƙƙin mallaka ga Babbar Kotun Tarayya, saboda haka kotunan da ke kusa da marubuciyar ba su da hurumin sauraron ƙararta. Daga Funtua zuwa Katsina tafiyar kusan kilomita 200 ce, ga kuɗin lauya, ga ɗage zama. Littafin da gaba ɗayan cinikinsa bai kai kuɗin mota zuwa da dawowa sau uku ba, ba zai taɓa ganin zauren kotu ba.

Akwai masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, suna nuni da yadda finafinan Hausa da kansu suka yi shekaru suna aro daga na Indiya, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai haƙƙin da aka ci a can na Indiyawa ne, bai zama lasisin mai tashar Telegram ba, kuma marubuciyar Ɗanja ba ta ari komai daga Mumbai ba. Wasu kuma suna ɗaukar yaɗa littafi kyauta a matsayin taimako, har ma sadaka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta riga ta yi magana a kan wannan a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, inda ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Kyauta da kayan wani ba ta da wuyar yi.

Amma wanda ke kiran a ɗora wa mai mahaɗi alhaki dole ya ji tsoron hannun da zai aiwatar. Sashe na 61 ya ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon toshe wani abu ko mahaɗi ko shafi da take da dalilin ganin yana keta haƙƙi, kuma wannan iko ne mai kaifi a hannun hukumar gwamnati. Mutanen Funtua da Bakori da Malumfashi sun san abin da toshewa ke nufi fiye da mazauna Abuja. A Satumba 2021 suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina da aka katse wa layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, inda mai neman tura kuɗi da mai neman jin lafiyar iyayensa suka biya farashin laifin da ba su yi ba. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, matakin da Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Toshe mahaɗi guda da aka tabbatar yana kai wa ga kayan sata abu ne mai ma'ana. Toshe shafi baki ɗaya saboda mahaɗi guda, ko amfani da ƙorafin haƙƙin mallaka don a sauke bidiyon da ya kunyata wani mai mulki, wata hanya ce ta rufe baki da aka sa mata rigar doka. Tsoro na biyu ya fi kusa da gida. Hukuncin shekara 5 makami ne da ke saurin faɗawa kan wanda ake iya gani, wato yaron rumfar caji da shugaban zauren unguwa, alhali mai babbar tashar da ke cin kuɗin talla yana ɓoye a bayan sunan bogi da lambar wata ƙasa. In aka bar fassarar dokar a hannun caji ofis, za a sami kame da beli da yawa, marubuciya kuwa ba za ta ga ko naira ɗaya ba.

Wannan ne ya sa takardar sanarwa ta fi kowane sashe na dokar amfani ga ƙaramin mai haƙƙi, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita. Aikinta shi ne ta mayar da rashin sani ya zama sani, a rubuce, da kwanan wata. Ba ta buƙatar tafiya Katsina. Abin da ake so a cikinta kaɗan ne: wane aiki ne, wa ke da shi, ina mahaɗin yake, ta yaya za a sami mai ƙorafi. Manyan kamfanoni irin su YouTube da Facebook suna da fom na wannan, amma an tsara shi ne ga wanda ya saba da harshen lauyoyi, kuma shugaban zaure ba shi da fom ko kaɗan. Babu abin da zai hana Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, da haɗin gwiwar MOPPAN da rassan Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya na jihohin Arewa, ta fitar da samfurin sanarwa mai shafi ɗaya da Hausa, wanda marubuciya za ta cike a wayarta ta tura wa duk wanda ya saka mahaɗin littafinta. Mafi yawan shugabannin zauruka mutane ne masu gudun abin kunya, za su goge, magana ta ƙare a nan ba tare da ɗan sanda ba. Wanda ya ƙi gogewa, ko ya goge ya sake sakawa kamar yadda GeenStijl ya yi, shi ya zaɓar wa kansa matsayi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta da waya in an cika sharuɗɗansa, saboda haka hoton saƙon, da kwanan watansa, da alamar shuɗi biyu da WhatsApp ke nunawa idan an karanta, abubuwa ne da lauya zai iya ajiyewa a gaban alƙali ranar da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan ta ga dama ta ɗauki nauyin ƙara guda a madadin 'ya'yanta.